Mutanen Soron Maikuɗi

Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa, lokacin da Malam Bitrus ya sauko daga bayan motar ɗaukar auduga a Gangaren Maje. Da kaka ne, a shekarar 1964. Tun da hantsi ya baro Funtuwa, amma motar ta lalace a hanyar Malumfashi, suka wuni a gindin wata ɗorawa, direba yana kwance a ƙarƙashin inji yana zage-zage.

Aikin da ya kawo shi ba mai wuya ba ne. Bitrus ma'aikaci ne a ofishin kula da kayan tarihi. In za a rushe wani tsohon gini, shi ake turawa ya duba, ya dawo ya faɗi ko ginin ya isa a bar wa 'yan baya, ko kuwa a ƙyale katafila ta yi aikinta. A wannan karon wani soro ne a bakin hanya. Wani bafatake mai suna Maikuɗi ya gina shi tun kafin zuwan Turawa. Yanzu zuriyarsa ta watse, kuma ana son filin.

Alhaji Rabe, ɗan kwangilar da aka ba aikin sabon ginin, yana tsaye kusa da katafilar da ya ɗauko haya yana karkaɗa carbi.

"Malam, tun azahar nake zuba ido," in ji shi. "Sannu da hanya."

"Yauwa, Alhaji. Mota ce ta ba mu wahala."

"To, ga shi nan dai ka gani. Tsohuwar ƙasa ce da kashin jemage. Fulotin auduga za mu yi a nan, wurin awo da saye, da sito. Duk garin nan babu wani tudu a bakin hanya da ruwa ba ya kwanciya sai wannan. Mutanen nan a kan jakuna suke kai audugarsu har Funtuwa, wasu a ka. Ka leƙa ka fito, don Allah. Mai katafila ya ce in bai fara da safe ba zai wuce wani aikin."

Bitrus ɗan manomi ne, an haife shi a wani ƙauye kusa da Malumfashi kafin 'yan mishan su sa shi a makaranta. Ya san nauyin buhun auduga a wuya. A ransa ya riga ya karkata ga Alhaji.

Sai ya ɗaga kai ya dubi soron.

Dogo ne, baƙi ƙirin, zankwayensa sun yi cirko-cirko a sama. Ruwan shekaru ya zaizaye bangon, amma har yanzu ana ganin zanen da magina suka yi a saman ƙofa. Tsuntsaye suna ta komawa kwana a itatuwan da ke kewaye. Ko ɗaya bai sauka a kan soron ba.

A jikin katangar soron, daga waje, akwai wata 'yar bukka. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofarta tana gurzar auduga a kan dutse. Alhaji ya ce sunanta Baturiya, matar jikan Maikuɗi ce, mijin ya daɗe da rasuwa. Har yanzu tana bin addinin kakanninta, kuma ita kaɗai ta rage a wurin.

Bitrus ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, tana kallon tocilar da ke hannunsa.

"Ɗana, ina za ka da yammacin nan?"

"Ciki zan leƙa, Inna. Ba zan daɗe ba."

"Ka bari gari ya waye."

"Da safe aiki zai fara. Dole in gani yau."

Ƙarfen gurza yana ta ƙara a kan dutse.

"To," in ji ta. "In an gaishe ka, ka amsa. In an roƙe ka wani abu, ka ce sai ka yi shawara."

"Da mutane a ciki ne, Inna?"

"Ni dai na faɗa maka."

Alhaji Rabe ya yi dariya, ya ɗauki butarsa. "Jemagu za su gaishe ka, Malam. Bari in yi alwala, magariba ta kawo jiki."

Bitrus ya sunkuya ya shiga zaure.

Warin kashin jemage ya buge shi, har ya toshe hanci. Ya kunna tocila ya haska sama. Nan take ya manta da warin. Rufin ɗaurin guga ne, irin wanda bai taɓa ganin kamarsa a ƙauye ba. Ginshiƙan ƙasa sun taso daga kusurwoyi, sun lanƙwaso sun haɗu a tsakiya, an manna wata tasar tagulla a inda suka haɗu. Ya shafa bango. Zanen yana nan daram a ƙarƙashin ƙura. Ya ji zuciyarsa ta soma rabuwa biyu.

Ya wuce zaure na biyu, ya fita wani fili. Busasshiyar tafasa ta kai masa ƙugu. Ga wani rumbu ya faɗi ya fashe. Ga turmi ya ruɓe, gara ta cinye gindinsa. Daga cikin gari ya jiyo ladan ya soma kiran salla.

A ƙarshen filin akwai wata gajeruwar ƙofa. Ya sunkuya ya bi ta.

Kiran sallar ya yanke. Ba ƙarewa ya yi ba, yankewa ya yi a tsakiyar kalma, kamar an rufe bakin tulu.

Bitrus ya tsaya. Babu kukan gyare. Babu haushin kare. Ba ya jin komai sai numfashinsa.

Wari ma ya sake. Yanzu ƙanshin sabuwar makuba yake ji, irin wadda ake shafe bango da ita, da hayaƙin itace, da miyar daddawa. Ya haska ƙasa. Daɓe ne sumul, ga sawun tsintsiya sabo, an share daga wannan bango zuwa wancan.

Can ciki aka soma daka. Dum. Dum. Dum.

Ya taka, dakan ya ci gaba. Ya tsaya, dakan ya tsaya.

Sai ransa ya ɓaci. Wato akwai talakawan da suka fake a nan, Alhaji ya sani ya ɓoye masa, yana shirin turo musu katafila da safe. Wannan tunanin ya ba shi ƙarfin gwiwa. Ya bi wani siririn lungu, ya karya kwana, ya sake karya wata, har ya iso ƙofar wani ɗaki da aka saya da asabari.

"Salama alaikum," in ji shi.

Aka amsa. Ba murya ɗaya ba. Maza da mata da yara, duk a tare, duk da raɗa.

"Shigo, baƙo."

Ya ɗaga asabarin ya shiga.

Ɗakin da faɗi, kuma da sanyi kamar bakin rijiya. A can ƙurya wani dattijo yana zaune a kan buzu. Yana sanye da babbar riga baƙa mai ƙyallin shuni, rawani ya rufe masa fuska har hanci. Ƙanshin goro da tsohon turare ya cika wurin. Hasken tocilar ya soma ja, yana raguwa.

"Kashe wutar nan, ɗana. Tana damun yara."

Bitrus ya kashe, don haka aka koya masa ladabi a gaban manya. Ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. Ka sha hanya."

Duhun ba mai yawa ba ne. Wani ɗan haske na magariba yana shigowa ta tagar sama. Amma kusurwoyin ɗakin baƙi ne, kuma a cikinsu ana motsi. Ana gyara zama. Ana jan majina. Wani jariri ya soma kuka aka rufe masa baki.

"An ce za a tashe mu," in ji muryar.

"Ba a yanke ba tukuna, Baba. Shi ya sa na zo."

"Kai ne mai yankewa?"

"Ni dai abin da na gani zan faɗa."

"To, in aka rushe, ina za mu?"

Daga kusurwoyi aka maimaita, a hankali, kamar iska a cikin karan dawa. Ina za mu? Ina za mu?

Bitrus ya ce, "Zan yi magana a ba ku wani wuri. Dagaci ba zai rasa fili ba."

"Mu ba ma zaman fili. Maikuɗi ya ce mana ku zo, muka zo. Ba ma shiga inda ba a kira mu ba."

A nan ne Bitrus ya lura da wani abu. Maganar farko daga gabansa ta fito. Wannan kuwa daga hagunsa ta fito, ƙasa-ƙasa, kusa da daɓe.

Ya ƙura wa dattijon ido. Idanunsa sun fara sabawa da duhun. Ƙirjin rigar ba ya tashi, ba ya sauka. Daga kan rawanin zuwa bango akwai yanar gizo mai kauri, tsohuwa, wadda ƙura ta yi wa nauyi. Ba ta tsinke ko'ina ba.

Abin nan ya yi shekaru bai motsa ba.

"Kana da gida a Funtuwa," in ji muryar. Yanzu daga rufi take. "Bayan tashar jirgi. Akwai ɗaki guda da ba kowa a ciki."

Gumi ya karyo masa a baya.

"Matarka Laraba ta kusa sauka. Haihuwar fari ce. Za ta so masu taya ta raino."

"Wa ya gaya muku?"

Wani ɗan ƙaramin hannu ya kama yatsansa, yadda yaro ke kama na ubansa a kasuwa. Sanyi ƙalau. Yatsun sun fi na yaro tsawo.

Wani hannun ya dafa kafaɗarsa. Wani ya shafa ƙeyarsa.

"Ba mu da cin abinci da yawa," aka raɗa masa a kunne. Numfashin yana warin ƙasar rami. "Ka ce ku zo. Shi ke nan."

Ya so ya tashi. Gwiwoyinsa sun manne da ƙasa.

"Ka ce."

Bakinsa ya buɗe. Ba shi ya buɗe shi ba. Ya ji harshensa yana ɗagawa, yana neman dasashi, kamar wani ya sa yatsa yana juya shi.

"Ku…"

Ɗakin ya yi tsit. Kowa ya matso.

Ya tuna fuskar Laraba da safe, tana riƙe da ƙugu a bakin ƙofa. Ya datse haƙoransa a kan harshen da dukkan ƙarfinsa.

Jini ya cika masa baki. Zafin ya ratsa har ƙwaƙwalwarsa, gwiwoyinsa suka saki.

"Sai na yi shawara!" Kalmomin suka fito a murɗe, haɗe da jini.

Ya fizge hannunsa ya yi waje.

Asabarin ya naɗe masa wuya. Ya yage shi. Ya danna tocila, ba ta kama ba. Ya jefar.

Lungun ya fi ɗazu tsawo. Ya karya kwana. Bango. Ya juya, ya lalubo wata ƙofa, ya faɗa ciki. Bango kuma.

A bayansa ƙafafu suna tafe, ba gudu suke ba. Tas, tas, tas a kan daɓe. Da yawa.

"Ƙarasa," ake raɗawa. "Ƙarasa maganarka."

Ya toshe bakinsa da hannu ɗaya, yana laluben bango da ɗayan. Aka kama ƙafar wandonsa. Ya yi harbi, takalminsa ya fita. Aka kama ɗayar.

Ya faɗi rub da ciki.

A ransa yake kiran sunan Yesu, don ba ya yarda ya buɗe baki.

Nauyi ya hau bayansa. Ƙananan gwiwoyi, ƙananan hannuwa. Ana ƙoƙarin ɓamɓare yatsunsa daga bakinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙarasa."

Sai ƙasa ta girgiza.

Wani ruri ya taso daga waje, ƙura ta zubo daga azara. Inji ne. Farin haske ya tsargo ta wata tsaga a gabansa, ya kwanta a ƙasa kamar zare.

Nauyin ya ragu. Aka yi ta ja da baya ana tsaki.

Ya ja ciki ya bi hasken. Ga gajeruwar ƙofa. Ga tafasa tana yankar fuskarsa. Ga zaure. A bakin ƙofar waje fitilun katafila suna haskowa kai tsaye, ga Alhaji Rabe a durƙushe ya miƙo hannu biyu, hularsa ta faɗi.

"Malam! Kamo! Kamo hannuna!"

Ya kama. Alhaji ya ja. Daga duhun zauren aka riƙe ƙafafunsa aka ja baya. Ya ji ƙashin bayansa yana shirin rabuwa. Alhaji yana ta salati da ƙarfi, dugadugansa suna jan ƙasa, ana janyo shi shi ma zuwa ciki.

Baturiya ta zo ta tsaya a kan dokin ƙofa, da ƙwaryar ruwan gero a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana yadda ake yi wa maƙwabtan da aka daɗe tare.

"Haba, mutanen gida. Baƙo ne. Ku sake shi."

Ta tsiyaye ruwan a bakin ƙofa.

Aka sake shi. Shi da Alhaji suka zube a waje, a cikin hayaƙin inji.

Sararin sama bai gama yin duhu ba ma. Mutane suna fitowa daga masallaci, suna tsaitsaye daga nesa suna kallo. Alhaji ya ce yana sallame salla tsohuwar ta zo ta tsaya a kansa, ta ce in yana son ganin baƙonsa da rai ya kunna fitilar katafila ya haska ƙofa. Yana faɗa yana duban tafin hannunsa.

"Wallahi, Malam, na sha jan buhu a rayuwata. Wannan kamar gari guda nake ja da shi."

Baturiya ta kawo ruwan gishiri, Bitrus ya kurkure baki ya tofar. Ta tsuguna a gabansa ta kama haɓarsa.

"Me suka roƙa?"

Da ƙyar ya faɗa mata.

"Me ka ce?"

"Ku. Iyakar abin da ya fita ke nan, Inna."

Ta saki haɓar. Ta juya ta dubi ƙofar soron.

"Kakan mijina ya gamu da su a hanyar Gwanja," in ji ta. "Suka tsare masa ayari, ɓarawo bai taɓa taɓa kayansa ba. Shi kuma ya gina musu ɗakunan baya. Da farko lafiya lau. Daga baya duk jaririn da aka haifa a gidan, sai su so shi. In suka so yaro, ba ya yaye. Nawa ma a nan suka tafi. Shi ya sa kowa ya gudu."

"Ke fa, Inna, me ya zaunar da ke?"

"'Ya'yana suna ciki. Ina zan je?" Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ka ba su rabin magana, ɗana. Muddin akwai rufi a kansu ba za su neme ka ba. Ranar da babu, za su zo karɓar sauran."

Da safe katafila ta wuce ba ta taɓa ko tubali ɗaya ba. Alhaji Rabe da kansa ya je wurin dagaci ya nemi wani fili a ƙetaren hanya. Sai da aka yi ta jibga ƙasa da tsakuwa kafin wurin ya ginu, kuma fulotin bai buɗe ba sai kaka ta zagayo. Manoman Gangaren Maje suka ƙara shekara guda suna kora jakuna zuwa Funtuwa, wasunsu har yau ba su yafe wa Bitrus ba.

A ofis ya ce soron ya isa a bar shi, ya yi bayanin ɗaurin guga da zanen bango, kuma duk gaskiya ya faɗa. Aka amince, aka kafa allo a ƙofar. Amma allo ba ya tare ruwan sama. Ginin ƙasa sai da yaɓe, kuma ofis ya manta da wurin. Don haka duk bazara Bitrus yakan ɗauki hutu, ya nemo magina, ya tsaya a kansu su yaɓe soron daga waje, su gyara indararo. Ba ya barin kowa ya wuce zaure na biyu. Abokan aikinsa suna yaba masa, suna cewa ba su taɓa ganin mai son tarihi kamarsa ba.

Harshen ya warke a karkace. Maganarsa ta koma da ɗan nauyi. Laraba ta haifi namiji, ya yi wayo, ya yi ƙanwa.

Baturiya ta rasu a farkon 1968. Daminar shekarar ta zo da ƙarfi, aka yi kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Wani direban motar auduga ya tsaya a ofis ya gaya wa Bitrus cewa ɗaki ɗaya a bayan soron ya rufta.

Ya dawo gida ana kiran magariba, jiƙe sharkaf. Laraba tana bakin murhu, 'yar jaririyar tana goye a bayanta.

"Maigida, ka yi baƙuwa yanzun nan," in ji ta. "Wata 'yar guntuwar mata da ƙunshin kaya a ka, da yara a bayanta. Ruwa na dukansu, abin tausayi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi matsowa."

Bitrus ya jingina kekensa a hankali.

"Kin ce su shigo?"

"Na buɗe baki zan ce ke nan, yarinyar nan ta tsala ihu kamar an tsunkule ta. Kafin in juyo sun tafi." Ta gyara goyon. "Amma ta bar saƙo. Ta ce in tambaye ka, wai ka gama shawarar?"